Ƙidayar Ambato da Aikin Mai Binciken Annoba: Misalin Brian Greenwood a Zariya



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne yadda ake auna aikin malamin da ya ba da rayuwarsa ga bin diddigin annoba, watau mutumin da sana'arsa ita ce ya gano inda cuta take fitowa, da hanyar da take bi, da wanda take kamawa, da lokacin da take lafawa. A jami'o'in duniya yanzu da abu biyu ake auna irin wannan malami: yawan maƙalun da ya buga a mujallun ilmi, da yawan lokutan da waɗansu malamai suka ambaci waɗannan maƙalu a cikin nasu rubuce-rubucen. Wani zai ce ina ruwan malamin Hausa da wannan, ga likitoci cike da gari? Amsa ita ce, ambato sha'anin rubutu ne tun kafin ya zama sha'anin magani. Daɗin daɗawa, mudun da ake auna likita da shi, da shi ake auna malamin harshe ranar da fayil ɗinsa ya isa gaban kwamitin ƙarin girma, kuma waɗansunku da ke zaune a nan ku ne za ku zauna a irin waɗannan kwamitoci, ku ne kuma za ku sa hannu a kan kuɗin bincike.

Ambaton wanda aka karɓi ilmi daga gare shi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi guda, Ida'un Nusukhi, don ya jera shaihunan da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya sauke a gaban kowannensu. Malaman hadisi kuwa ba su karɓar magana sai an kawo musu isnadi, wane ya ji daga wane, har a kai ga tushe. Amma ku lura, duk wannan baya yake duba: daga wa ka karɓa? Sabon abin da zamani ya kawo shi ne juya tambayar ta fuskanci gaba: wa ya karɓa daga gare ka? Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo wannan shawara a shekarar 1955, sa'an nan a 1964 cibiyarsa da ke birnin Filadelfiya ta soma fitar da fihirisar ambato ta ilmin kimiyya. Da wannan fihirisa mutum zai ɗauki maƙala guda ya ga duk waɗanda suka jingina da ita bayan fitowarta. Nufin Garfield na farko shi ne a sauƙaƙa wa mai bincike neman abin karantawa. Amma abin da aka iya ƙidayawa ba ya daɗewa bai zama abin gasa ba. Daga 1975 aka shiga jera mujallu bisa ga yawan ambaton da suke samu. A 2004 Scopus da Google Scholar suka fito, ƙidayar ta shigo kwamfutar kowa. A 2005 wani masanin kimiyya, Jorge Hirsch, ya ƙago ma'aunin da ake kira lambar h. Ga yadda take: in malami ya buga maƙala 40, kuma 12 daga cikinsu kowace an ambace ta sau 12 ko fiye, amma ba a sami 13 da aka ambata sau 13 ba, to lambarsa 12 ke nan. Rayuwar mutum ta shekara talatin a ɗakin gwaje-gwaje da ƙauyuka, an dunƙule ta ta zama lamba ɗaya.

Don kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki mutum guda wanda ya yi aiki a nan kusa da mu, mu bi rubuce-rubucensa, mu ga abin da ƙidayar take gani da abin da yake kuɓuce mata.

An haifi Brian Greenwood a Ingila a 1938. Ya yi karatun likita a Kambirij da Landan, ya zo Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1965 ya yi shekara uku. A can ya lura cewa waɗansu cututtukan da garkuwar jiki take juyowa ta yaƙi mai ita, irin su wani nau'in sanyin gaɓoɓi da ya yawaita a Turai, ba su cika samuwa ga 'yan Nijeriya ba, ya kuma yi zaton ko zazzaɓin cizon sauro yana da hannu a ciki. Ya buga wannan a mujallar Lancet a 1968. Ya koma gida ya ƙaro ilmin garkuwar jiki, sa'an nan a 1970 ya dawo, wannan karon zuwa Zariya, inda sashen koyon aikin likita na Jami'ar Ahmadu Bello yake jariri, don a 1967 aka buɗe shi. Shekara goma ya yi a Zariya. Daga 1980 ya shugabanci cibiyar binciken magunguna ta Ingila da ke Gambiya har shekara goma sha biyar, a 1996 kuma ya koma Makarantar Kiwon Lafiya da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan. Maƙalun da sunansa yake kansu ɗaruruwa ne, ambatonsu kuwa dubbai ne masu yawa, kowace ma'ajiya da adadin da take bayarwa, kuma adadin yana ƙaruwa kowane mako. A 2008 gwamnatin Japan ta ba shi lambar yabo ta Hideyo Noguchi a karonta na farko, a 2012 Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sa. Saboda haka ta fuskar ƙidaya da ta fuskar daraja babu gardama a kansa. Wannan ne ma ya sa ya dace da misali, domin ba wanda zai ce muna sukar mudu ne don ya tauye wani namu.

Abin da ya tarar a Zariya shi ne sanƙarau. Mu Hausawa mun ba cutar suna daga abin da ido yake gani, watau sanƙarewar wuya, kuma kowane tsoho ya san lokacinta: tana tasowa cikin rani, ta yi ƙamari a bazara lokacin da zafi da ƙura suka haɗu, da ruwan farko ya sauka sai ta ɗauke kamar an yi mata tsawa. Rahoton farko na annobarta a Arewa ya fito ne a 1905 daga Zungeru, hedkwatar Turawa ta wancan zamani, garin da kogin nan namu na Kaduna yake ratsawa bayan ya wuce mu. Likitan da ya rubuta shi McGahey ne, kuma in ba masu tarihin cutar ba, da wuya ka ji mai ambatonsa. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya buga dogon nazari a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya inda ya shata yankin da cutar take yawo a cikinsa, wanda daga baya aka faɗaɗa shi tun daga Senegal har Habasha, mu kuma muna tsakiyarsa. Wannan nazari shi ne bisimillar kusan duk mai rubutu kan sanƙarau a Afirka. Da yawa daga masu ambatonsa ba su jin Faransanci, balle a ce sun karanta shi. Ga darasi na farko ke nan game da ƙidayar: wani ambaton gaisuwa ce kawai, irin wadda baƙo yake yi wa mai unguwa kafin ya shiga gari.

To me aka rubuta a Zariya? A 1971 Greenwood da abokin aikinsa Hilton Whittle suka bayyana a Lancet wata hanya ta gano alamar ƙwayar sanƙarau a cikin ruwan ƙashin baya cikin ɗan lokaci kaɗan, ba tare da jiran a shuka ƙwayar ta tsiro a ɗakin gwaje-gwaje ba. Wannan yana da amfani ƙwarai a ƙasar da majiyyaci yakan sha magani a kemis kafin ya iso asibiti, abin da yake hana ƙwayar tsirowa. A 1972 ya nuna cewa yaran da zazzaɓin cizon sauro ya kama, garkuwar jikinsu ba ta amsa waɗansu alluran rigakafi yadda ya kamata, a 1978 kuma aka nuna haka game da allurar sanƙarau ita kanta. Sa'an nan a bazarar 1977 annoba ta faɗa wa Zariya. Cikin wata uku an kwantar da mutum fiye da 1,200 a asibiti. Rahotannin wannan annoba sun fito a jere a 1979 cikin mujallar ƙungiyar likitocin ƙasashe masu zafi ta Landan, kuma akwai abubuwa biyu a cikinsu da nake so ma'aikatan gwamnati su riƙe. Na ɗaya, yara 'yan shekara 5 zuwa 14 cutar ta fi kamawa. Na biyu, kaɗan ne suka kamu daga gidajen masu hali. Wanda ya san yadda ake kwana a gidajen haya na Kakuri da Makera da Nasarawa, tun zamanin da masaƙu suke ɗiban ma'aikata dubbai har zuwa yau da injunan suka yi shiru, ɗaki ɗaya mutum bakwai, taga ɗaya ko babu, ba ya bukatar a fassara masa wannan magana.

Maƙalar da ta fi jan hankalina a cikin jerin na 1979 ba sunan Greenwood ne a farkonta ba. Sunan Dokta Sadiƙ Wali ne. Matsalar da suka fuskanta mai sauƙin faɗi ce: maganin sanƙarau na wancan lokaci allura ce da ake yi sau da yawa a yini, kwana da kwanaki, ga majiyyata ɗaruruwa a kwance har a baranda, ma'aikatan jinya kuwa 'yan kaɗan. Sai suka gwada allura guda ɗaya ta maganin kuloramfenikol wanda aka haɗa da mai don ya daɗe yana aiki a jiki, dabarar da likitocin ƙasashen renon Faransa suka riga suka soma. Suka ga tana warkarwa. Ma'anar wannan ita ce, ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye, wanda ba shi da likita kusa, zai iya ceton yaro da allura ɗaya. An sake gwada dabarar a Mali da Nijar, aka buga sakamakon a 1991, kuma shekaru da yawa ita ce makamin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar a yi amfani da shi in annoba ta ɓarke, har sai da wani gwaji a Nijar, wanda aka buga a 2005, ya nuna cewa maganin seftiriyazon yana yin wannan aiki, daga bisani ya maye gurbinsa.

Yanzu ku tambayi kanku: su wa suka amfana da wannan maƙala, kuma su wa suka ambace ta? Waɗanda suka amfana su ne ma'aikacin lafiya a Ɗanja ko Dakoro da uwar yaron da ya tashi. Ba ɗaya daga cikinsu da yake buga maƙala. Abin da aka gano ya bar mujalla ya shiga littafin ƙa'idojin aiki, daga nan ya shiga takardar umarni ta ma'aikatar lafiya, daga nan ya zama abin da kowa ya sani. Masanin zamantakewa Robert Merton ya daɗe da lura da wannan, cewa binciken da ya karɓu sarai yakan narke cikin ilmin kowa har a daina ambaton mai shi. Mu ma mun san haka a fagenmu: karin maganar da ta fi shiga bakin jama'a ita ce wadda ba wanda ya san wanda ya fara faɗinta. A ɗaya gefen kuma, da mujallar Nature ta bincika a 2014 don ta ga maƙalar da aka fi ambata a tarihin kimiyya, sai ta tarar wata ce ta 1951 wadda Lowry da abokansa suka rubuta kan hanyar auna sinadarin furotin, an ambace ta fiye da sau 300,000. Aiki ne mai kyau, ba shakka. Amma dalilin yawan ambatonsa shi ne duk wanda ya yi amfani da awon dole ya faɗi inda ya samo shi, kamar a ce duk macen da ta auna hatsi sai ta ambaci wanda ya sassaƙa mudu.

Kada a ɗauka ina cewa ƙidayar ba ta ganin komai. Akwai inda take da ido sosai, watau wajen nuna hanyar da tunani ya bi tsakanin malamai. Ga misali. Binciken da aka yi a Zariya da Malumfashi, inda Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar Libaful suka yi aikin haɗin gwiwa, ya nuna cewa mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar sanƙarau a maƙogwaronsu ba tare da sun yi ciwo ba, kuma ƙwayar tana yawo tsakanin jama'a damina da rani. Ashe ba ƙwayar ce take tafiya da saukar ruwa ba. A 1984 Greenwood da Blakebrough da Bradley da Wali da Whittle suka kawo bayani a Lancet cewa bushewar iska da ƙura su ne suke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, har ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini. Haka kuma gwajin da aka yi a kan 'yan makaranta, wanda aka buga a 1983, ya nuna cewa allurar rigakafin da ake da ita a lokacin tana kare wanda aka yi wa, amma ba ta hana shi ɗaukar ƙwayar ya kai wa wani. Aka kuma gane daga waɗansu gwaje-gwajen cewa kariyarta ba ta daɗewa a jikin ƙananan yara. In mutum ya bi fihirisar ambato daga waɗannan maƙalu ya yi gaba, zai ga zaren bai tsinke ba: daga Zariya zuwa Gambiya, inda aka gwada sabon nau'in allura a kan jarirai a shekarun 1990, zuwa laccar tunawa da Manson da Greenwood ya gabatar aka buga a 1999, zuwa shirin samar da allurar sanƙarau da aka kafa a 2001. Nan kam ƙidayar ta yi aikin isnadi, kuma ta yi shi da kyau.

Amma abin da ya tura duniya ta motsa ba maƙala ba ce. Annobar 1996 ce. A wannan shekara aka rubuta mutum 109,580 da suka kamu a Nijeriya, 11,717 suka rasu, mafi yawansu a jihohin Arewa. Waɗannan alƙaluma suna cikin rahoton da Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa suka buga a shekarar 2000. Shi Idris Mohammed ɗin tun 1981 ya buga a Lancet sakamakon allurar gama-gari da aka yi a jihar Bauchi, yana nuna cewa yi wa jama'a allura kafin annoba ta zo yana rage ɓarna. Shekara goma sha biyar tsakanin wannan maƙala da annobar 1996. Maƙalar tana nan a ɗakunan karatu, masana suna ambatonta. Sai dai ambato a mujalla daban, kasafin kuɗi daban, kuma ba fihirisar da take ƙidaya maƙalun da babban sakatare ya karanta.

Sauran labarin kun san shi, ko kuma yana jikin damtsenku. Kamfanin Serum na ƙasar Indiya ya yarda ya yi allurar MenAfriVac a kan farashin da bai kai rabin dala ba. Aka soma yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a watan Disamba na 2010, a Nijeriya kuma daga ƙarshen 2011, ana bin jihohi kashi-kashi ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Nazarin da aka yi a Chadi, wanda ya fito a Lancet a 2014, ya nuna cewa yawan masu kamuwa a yankunan da aka yi allurar ya gaza na sauran yankuna da kashi 94 cikin ɗari, kuma ƙwayar rukunin A ta kusa ɓacewa daga maƙogwaron jama'a. Sunan farko a kan wannan maƙala na ɗan Chadi ne, Daugla, sunan ƙarshe kuwa na Greenwood ne, shekara arba'in da uku bayan maƙalarsa ta farko kan sanƙarau daga Zariya.

Wannan ya kawo ni ga batun jerin sunaye, wanda ɗalibai ba su cika lura da shi ba. A al'adar mujallun likitanci, wanda ya ɗauki nauyin aikin shi ake sawa a farko, babban malamin da ya jagoranta a ƙarshe, saura a tsakiya. In an zo ambato kuwa sai a ce wane da waɗansu. Kwamfuta tana ba kowane mai suna ladan ambaton cikakke, ko shi ya kwana a asibiti ko gyaran Ingilishi kawai ya yi. Shahararren gwajin gidan sauro mai magani da aka yi a Gambiya, wanda ya fito a 1991 ya nuna raguwar mutuwar ƙananan yara da fiye da rabi a ƙauyukan da aka gwada, da sunan Pedro Alonso aka san shi, ko da yake a ƙarƙashin shugabancin Greenwood aka yi shi. Haka ma dabarar ba yara maganin zazzaɓi wata-wata a lokacin damina, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2012, wadda kuma ake bi gida-gida ana rabawa a jihohin Arewa: yana cikin manyan waɗanda suka tsaya mata, amma sunayen almajiransa 'yan Senegal da Mali da Burkina Faso ne a gaba. A ganina, in ana neman shaidar girman malami, a duba yawan maƙalun da sunansa ya koma ƙarshe, na almajiransa ya hau gaba. A nan gida ma sunaye irin su Sadiƙ Wali da Musa Hassan-King sun fito a farkon maƙalun Zariya tun 1979, kuma wannan abin lura ne a zamanin da aka saba Bature ya zo ya ɗebi jini ya tafi ya rubuta shi kaɗai.

Akwai kuma waɗanda ba su shiga jerin ko kaɗan. Duk wani binciken annoba da aka yi a Zariya ko Malumfashi, da Hausa aka yi shi. Da Hausa aka nemi izinin hakimi da dagaci, da Hausa aka lallashi maigida ya bari a sa auduga a maƙogwaron 'ya'yansa, da Hausa aka tambayi uwa yaushe zazzaɓin ya fara, ko yaron ya yi amai, ko ya sanƙare. Wani ne ya san cewa in mace ta ce yaro yana da taɓin iska ko ciwon tsuntsu, mai yiwuwa jijjiga take nufi, ya kuma mai da wannan zuwa kalmar da likita zai rubuta. In tafintan ya karkace, alƙaluman sun karkace, maƙalar ta karkace. Amma wurin tafinta da nas da direba shi ne 'yan layukan godiya a ƙarshen maƙala, in an tuna da su, kuma ba a ƙidaya godiya. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, ilmin da aka ɗebo da Hausa bai dawo da Hausa ba. Tun 1939 aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo, muna da gidajen rediyo a wannan gari da ake ji har bayan iyakar ƙasa, amma malamin da ya zauna ya bayyana wa jama'a da harshensu dalilin da ya sa sanƙarau take zuwa da bazara, kwamitin ƙarin girma ba zai ba shi ko maki ɗaya ba. In ya rubuta abu ɗaya ɗin da Ingilishi ya aika Landan, sai a ce ya yi aiki.

Ita fihirisar ma ba duk mujallu take ɗauka ba. Tun farkonta mujallun Amurka da Turai ne suka cika ta, na Afirka kaɗan ne. Likitan da ya buga rahoton ɓarkewar amai da gudawa a wata mujallar gida, wadda abokan aikinsa na Kaduna da Kano za su karanta su yi aiki da ita gobe, a idon ƙidayar kamar bai rubuta komai ba. Dandalin mujallun Afirka na intanet da aka kafa a 1998 ya rage wannan duhu, Google Scholar ma tana kwasar abin da waɗancan suka bari, sai dai ita kuma ba ta tankaɗe, gari da tsaki duk ɗaya ne a wurinta.

To da yake ƙarin girma ya rataya a kan lamba, sai dabaru suka fito. Akwai mai raba bincike ɗaya gida huɗu don ya sami maƙala huɗu. Akwai mai ambaton kansa a kowane shafi, alhali kuwa yabon kai jahilci. Akwai masu yin biki, ka ambace ni in ambace ka, ka sa sunana in sa naka. Akwai kuma mujallun 'yan kasuwa da suke karɓar kuɗi su buga ko mene ne cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ba. A fagen adabi irin wannan ɓata takarda ne kawai. A fagen annoba kuwa, alƙaluman ƙarya suna iya sa a kai allura inda ba a bukatarta, a bar inda ake mutuwa. Malaman hadisi da na ambata da farko ba su taɓa cewa hadisi ya inganta don masu ruwaito shi sun yi yawa kawai ba, sai sun bi kowane mai ruwaya sun auna gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa. Masanan kimiyya su ma sun soma dawowa kan wannan: a taron da suka yi a San Faransisko a ƙarshen 2012 sun tsara sanarwa suna kira da a daina auna malami da darajar mujallar da ya buga a ciki, a karanta abin da ya rubuta.

Shawarata ga masu zama a kwamiti ƙarama ce, ba ta kuma bukatar kuɗi. Ku karɓi lambar, don tana da abin da take faɗi. Sa'an nan ku ce wa malamin ya zaɓo maƙala uku ko biyar da ya fi tinƙaho da su, ku karanta su, ko ku ba wanda ya san fannin ya karanta. Ku tambaye shi abin da ya canza a asibiti ko a ƙauye saboda su, da sunayen waɗanda ya horar, da inda suke aiki yanzu. In mai binciken annoba ne, ku tambaye shi ko jama'ar da ya ɗebi jininsu sun taɓa jin sakamakon.

Aikin kuwa bai ƙare ba. Bayan an karya lagon rukunin A, sai rukunin C ya taso. A ranin 2016 zuwa 2017 ya ɓarke daga Zamfara ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu, aka rubuta mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. A 2019 aka shigar da allurar rukunin A cikin alluran da ake yi wa kowane jariri ɗan wata tara, a 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta soma amfani da sabuwar allura mai kariya daga rukuni biyar a haɗe. Sanin ko wannan allura tana aiki ya dogara ne ga ma'aikacin da zai cika fom daidai a asibitin Kakuri ko na Sabon Tasha a watan Maris, da wanda zai ɗebi ruwan ƙashin baya ya tabbatar ya isa ɗakin gwaje-gwaje kafin zafi ya lalata shi. Daga irin waɗannan fom-fom ne za a rubuta maƙalun shekaru goma masu zuwa, kuma ina fata waɗansu daga cikin ɗaliban da ke wannan zaure su ne sunayensu za su zo a farko.